Ƙasa Uku a Sanƙon Lung Chaliao

Saura kwana huɗu a shiga bikin ruwa na Songkran, Yai Lamyong ta ce ta gaji. Suna cin abincin rana ne a ƙarƙashin gidan, tsakanin dirkoki, inda zafi ya ɗan yi sauƙi. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga kwanon shinkafarta.

"Ana gama bikin nan na ajiye aiki. Shekara hamsin da ɗaya ina matsa ƙasa. Ya isa haka."

Jikarta Chaba ta daina tauna. Babban ɗan tsohuwar, Lung Chaliao, bai daina ba, sai dai idonsa ya zarce bayan gida, wurin shanya. Fili ne mai faɗi, an shimfiɗe shi da zannuwa, a kansu dubban ƙananan curi na farar ƙasa a jere, kowanne da ɗan tsininsa, suna shan rana. Dinso phong ke nan, farar ƙasar garin Lopburi, wadda ake damawa da ruwa a shafa a fuska. Rabin unguwar da ita suke ci. Amma ta Yai Lamyong ce masu gyaran amare ke zuwa nema tun daga Ayutthaya, don ita takan gasa tata a tukunyar ƙasa, ta turara ta kwana uku da hayaƙin kyandir mai ƙamshi.

Lung Chaliao kuwa ƙwai yake yi. Ƙasar ɗaya ce, daga rami ɗaya, sai dai shi yakan kwaɓa tasa da gishiri, ya lulluɓe ƙwan agwagwa da ita, ya birkiɗa shi cikin tokar ƙaiƙayi, ya ajiye har gishirin ya ratsa ɓawo. Sana'ar ta karɓe shi, wuri ya yi masa kaɗan. Shekara biyu ke nan yana matsowa cikin filin uwarsa taku-taku. Yau kwando, gobe buhun gishiri. Yanzu har robar kwaɓinsa tana zaune a rumfar tsohuwar, gefen tata.

"To filin fa, Mae?" ya ce wa uwar tasa.

"Ka bari in haɗiye shinkafar mana."

"Tambaya kawai na yi."

"Tambayarka ai ta riga bakinka isowa. Tun bara take zaune a rumfata cikin roba."

Matarsa, Pa Sangwan, ta yi dariya har barkono ya sarƙe ta.

"Yai," in ji Chaba, "ni fa?"

Wata biyar ke nan da dawowarta daga Bangkok. Shekara shida ta yi a tsaye a wani katafaren kantin kayan kwalliya, tana yi wa mata murmushi, tana karanta musu abin da aka rubuta a bayan kwalba. Ta dawo da ciwon ƙafa, da kwali guda na kwalabe, da tunani ɗaya: a riƙa zuba ƙasar gidan nan a ƙananan mazubai, a rubuta abin da ke ciki, a aika wa mutanen birni. Tun dawowarta ita ke tace ƙasa, ita ke matsa curi har yatsunta su sage. Amma tukunyar gashi, Yai ba ta taɓa bari ta kai hannu kusa da ita ba.

"Ke ai takarda kika sani," in ji Yai. "Tashi ki ɗauko min wannan kwalbar da kike ɓoyewa a firji bayan miyar kifi."

Chaba ta ɗauko. Fara ce ƙal, murfinta ruwan zinariya.

"Karanta mana abin da ke ciki."

"Ruwa. Farar ƙasa, irin wadda ake yin tangaran da ita. Sai wata ƙasar mai ruwan toka, ita ke tsotse maiƙon fuska. Man da ke hana ta bushewa a kwalba. Maganin da ke hana ta ruɓewa, iri biyu. Turare. Launi."

"Tsaya. Ƙasa ce ke ruɓewa?"

"In an dama ta da ruwa aka rufe wata shida, Yai, komai ma ruɓewa yake."

"To wa ya aike su su dama tun yanzu? Fuskar ma ba ta iso ba."

"Duka abu nawa ne?" in ji Lung Chaliao.

"Ashirin da uku."

"Ashirin da uku a fuska ɗaya. Ko miyar Sangwan ba ta kai haka ba."

"Shi ya sa kake siɗe kwanon," in ji matarsa.

Yai ta ɗaga yatsu huɗu, duk sun lanƙwashe. "Tawa ga ta. Ƙasa, ruwa, wuta, hayaƙi. In amarya ce a ƙara mata kurkum da tsamiya, shi ma a gidansu, ranar da za a shafa."

"Na sani, Yai. Shi ya sa nake so in rubuta. Matan da na sayar wa kaya a can sun gaji da dogon rubutu. Kullum tambayarsu, babu mai ƙarancin tarkace?"

Tsohuwar ta dube ta. Idanun nata sun fara yin hazo-hazo, amma kallon bai tsufa ba.

"Gobe in rana ta ɗaga zan ajiye miki kwano uku, babu takarda a jikin ko ɗaya. Ki nuna min ƙasar gidan nan kafin tsinken turare ya cinye. Kin nuna, fili da tukunya naki ne. Kin kasa, Chaliao ya shigo da agwaginsa."

"Ƙwai dai, Mae. Ba ni da agwagwa ko ɗaya."

"Za ka yi."

Yinin nan Chaba ta bi zannuwa tana juya curi, tana duban filin kamar yau ta fara ganinsa. A nan ta yi rarrafe. A nan ta taɓa cinye curi biyu tana ƙarama, aka ɗura mata ruwan kwakwa. Ta gwada hango wurin cike da kwandunan ƙwai da baƙar toka, sai ta ji ƙafafunta sun tuna mata da kantin Bangkok. In filin ya tafi, can za ta koma.

Da yamma Pa Sangwan ta zo sharar biki. Ta ja robobin nan biyu na rumfa waje, manya, shuɗɗa, iri ɗaya, kowacce cike da farin kwaɓi. Ta share, ta watsa ruwa, ta mayar da su tana waƙa. Chaba ta gan ta daga nesa, ba ta kawo komai a rai ba.

Washegari Lung Chaliao ya riga kowa tashi. Kafin masu zuhudu su wuce karɓar sadakar abinci, ya gama lulluɓe ƙwai ɗari uku, yana fito, yana cewa kwaɓin yau ya yi masa laushi kamar ya san ranar sa'a ce. Daga nan ya zauna a kututture matarsa ta yi masa askin biki. Sanƙo ya riga ya cinye tsakiyar kan, ita kuma ta bi da reza ko'ina, har inda babu gashi. Hannunta ba ya da taushi. Ta yanke shi wuri huɗu ko biyar.

Rana ta ɗaga. Yai ta kira.

Kwano uku a kan tebur, kowanne da farin kwaɓi da cokalinsa. Yai ta kunna tsinken turare ta soke shi a tukunyar yashi.

"Ɗanya na ɗebo daga robata, ba gasasshiya ba, kuma na ɗiga ruwan furen yasmin a duka ukun. Hanci ba zai taimake ki ba. Duk abin da ke gidan nan ki yi amfani da shi, ban da wayarki."

Chaba ta shiga madafi ta fito da lemon tsami da wuƙa. Ta ɗebi kaɗan daga kowane kwano a kan ganyen ayaba, ta matsa lemon a kan na farko. Shiru. Ruwan ya kwanta kawai.

"Wannan tawa ce ta firji," ta ce. "Ƙasar tangaran ba ta kula lemo. Yai, rabin kwalbar kika kwashe?"

"Kin ce kin gaji da tarkace."

Ta matsa a kan na biyu. 'Yan ƙwayoyin kumfa suka taso da ƙyar, suka mutu. Ta motsa cokalin cikin kwanon, ta ji ya fara tsayawa. Ta taɓa gindin kwanon, da ɗan ɗumi.

"Wannan ta leda ce, wadda ake sayarwa a bakin titi lokacin biki. Akwai ƙasarmu kaɗan a ciki, sauran garin shafe bango ne. Nan da ɗan lokaci cokalin nan ba zai fita ba."

"Ni na sayo," in ji Pa Sangwan. "Mai kayan ya rantse min daga Lopburi take."

"Ledar ce daga Lopburi, Pa."

Ta matsa a kan na uku. Nan take ya ɗauki tsuwa, kumfa ta taso fara fat, ta kumbura ta malalo a kan ganyen. Ƙasar garin nan haka take gaisawa da lemon tsami, kowa ya sani.

Lung Chaliao ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. "Mae, wannan ai ba jarrabawa ba ce. Kyauta ce. Ko birin bakin haikali ya san wannan."

Gefen bakin Yai ya motsa. Turaren ko rabi bai kai ba.

Chaba ta buɗe baki za ta ce na uku, sai ta tsaya. Ruwa ya kwanta a saman kwanon, siriri, garau. Wata biyar tana dama ƙasar gidan nan, ta san tana riƙe ruwanta kamar madarar kwakwa mai kauri, ko ta yini a ajiye. Wannan ta saki nata. Ƙila ruwan yasmin ne. Ƙila zafi ne. Amma akwai abu ɗaya da shekara shida suka dasa mata, ba ya fita.

"A kanti ba ma miƙa wa mace kwalba sai an gwada a fata," ta ce.

"To gwada mana," in ji Yai. "Turaren naki ne."

Chaba ta dubi hannuwanta. Sun yi kanta, ga ruwan lemo har gwiwar hannu. "Nawa ba za su faɗa min komai ba. Fata mai taushi nake so."

Lung Chaliao ya shafa ƙoƙon kansa da ke sheƙi, ya yi dariya. "Ga fili nan, 'yar birni, da safen nan aka share shi. Shi kaɗai zan iya bar miki."

"Na karɓa, Lung."

Dariyar ta tsaya. Pa Sangwan ta ajiye tsintsiya. Kan babba ba wurin wasa ba ne. Ko miƙa hannu ta samansa ba a yi sai an nemi gafara, balle a shafa masa laka. Chaba ta haɗa tafukanta a gaban hanci, ta sunkuya.

"Ka gafarce ni, Lung. Na san hannuna ba zai hau kanka ba."

"To kin gani."

"Nawa zai hau," in ji Yai. Har ta miƙe. "Ni na haifi kan nan. Na kuma san abin da na gani kafin ya fito. Zauna, Chaliao."

"Mae, wasa nake yi."

"Ni ma wasa zan yi. Zauna."

Ya zauna a kututturen askinsa, mutum mai shekara hamsin da shida, gwiwoyi a haɗe. Yai ta bi kan da bayan cokali, kowane kwano da nasa, kamar mai shafa wa biredi man shanu. Na farko a dama. Na biyu ta ja shi a tsakiya tun daga goshi har ƙeya. Na uku a hagu, inda reza ta fi yin ɓarna, kuma ta cika hannu, tunda nata ne.

"Ka yi kyau," in ji Pa Sangwan. "Da haka ka zo neman aurena da ban sa ka jira shekara biyu ba."

Lung Chaliao ya kafa ido a jikin dirka.

Chaba ta durƙusa a gefe, don kada ta tsaya a kansa. Ta jira. Tokar turaren ta lanƙwasa ta faɗi. Wata kaza ta zo ta duba su ta wuce.

"Lung, yaya kake ji?"

"Dama sanyi."

"Tsakiya fa?"

"Tana ja, kamar an ɗaure min kai da igiya."

"Hagu?"

Ya saci kallon uwarsa. Kowa ya ga kumfar, kowa ya san kwano na uku nata ne. Mutumin da zai ce ƙasar Yai Lamyong tana cizo, a gabanta, a gidanta, ba a haife shi ba tukuna.

"Hagu ta fi duka daɗi," ya ce. Hawaye ya gangaro daga idonsa na hagu, ya tsaya a gefen hanci.

"Shekara talatin," in ji matarsa, "ban taɓa ganin daɗi ya sa ka kuka ba."

"Hayaƙin turare ne."

"Iska can take kai shi."

"Sangwan, ba ki da wanki ne?"

Yatsun ƙafarsa suna tona ƙasa. Kunnensa na hagu ya yi ja. Chaba ta matso da gwiwa ta leƙa daga gefe. Inda reza ta yanka, fatar ta tashi jajir a bakin ƙasar. Inda ta fara bushewa kuma, wasu ƙananan ƙwayoyi suna walƙiya a rana. Ƙasar gidan nan ba ta walƙiya.

Ta juya ta tsoma ɗan yatsa a kwano na uku, ta ɗora a harshe.

Gishiri.

Ta cire yatsan daga baki. Ta tuna Pa Sangwan da tsintsiya, da shuɗɗan robobi biyu. Ta tuna cewa a bakin robar Yai akwai ɗan jan zare da aka ɗaura, siriri, wanda mai ido ke gani tun daga nesa. Yai ta je inda robarta ta saba zama, ta ɗebo, ba ta ga komai ba.

Amsar da tsohuwar ke jira tana nan a tafin hannu. Ta ce na uku, Yai ta gyaɗa kai, fili ya zama nata, Lung ya je ya wanke kansa ya ci gaba da ƙaryar hayaƙi har ya mutu. In kuwa ta faɗi abin da harshenta ya ji, ta nuna wa tsohuwar a gaban ɗanta da surukarta cewa idonta ya daina bambance robarta. Yai ba ta son a kama mata hannu ko a bakin matakala. Tana iya cewa 'yar birni ta kasa, kuma maganarta ce za ta zauna.

Amma da yammar nan Yai za ta zauna gaban wannan robar ta matsa curin biki. Ranar biki a dama shi a bokiti a kan titi, a shafa wa duk wanda ya wuce, har da jarirai a kafaɗar iyayensu. A kumatu, a goshi, kusa da ido.

"Turare ya kusa," in ji Yai.

Chaba ta koma gabanta ta durƙusa.

"Yai, na farko ƙasar tangaran ce da 'yan rakiyarta ashirin da biyu. Na biyu bango ne. Na uku daga raminmu ya fito, amma ba na fuska ba ne. Babu ƙasar gidan nan a teburin nan."

Fuskar tsohuwar ta rufe kamar taga.

"Ni na ɗebo da hannuna."

"Na sani, Yai."

"Daga robata."

Chaba ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta miƙa. Ya daɗe a sama. Jan wutar turaren ya kai tsinke ya mutu, ba wanda ya duba. Can Yai ta lakato da ɗan yatsa, ta kai baki. Ta motsa harshe sau ɗaya. Ta juya ta tofar.

"Chaliao."

"Mae."

"Kwaɓin ƙwanka ne a kanka."

"Ashe ba ni ne na lalace ba," ya ce, yana tashi da gudu. Ya nufi babbar randar da ke gindin matakala, ya cusa kansa ciki har wuya. Da ya ɗago, dama ta wanke, hagu ta wanke ta bar ja. Ta tsakiya kuwa ta riga ta sandare, ta tsaya masa tun daga goshi har ƙeya kamar zankon zakara.

Pa Sangwan ta zauna a ƙasa don dariya. "Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Ke da ke ce za ki faɗa?"

"Ni da ban ba da kaina ba."

Suka ɗunguma zuwa rumfa. Robar da ke mazaunin ta Yai cike take, babu zare a bakinta. Ɗayar, mai jan zare, tana mazaunin ta Lung. Dariyar Pa Sangwan ta ragu.

"Jiya da na yi shara," ta ce a hankali. "Ni dai na ga duk shuɗɗa ne."

Yai ba ta kula ta ba. Ta sunkuya tana laluben bakin robar har yatsunta suka sami zaren. Ta riƙe shi.

"Bara daga bakin matakala nake hango shi," ta ce.

Chaba ta matso ta tsaya kusa da ita.

Lung Chaliao kuwa hankalinsa ya koma wani wuri. Ya tsaya yana kallon cikin robar mai zare, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. An kwashe ta har gindi.

"Mae, wannan robar ce na yi aiki da ita da safe."

"Ita ce."

"Babu gishiri a ciki."

"Ko ƙwaya."

Ya juya ya dubi kwandunansa da ke jere a inuwa. Ƙwai ɗari uku, kowanne a lulluɓe da ƙasar da aka tace sau uku a farin ƙyalle don fuskar amare.

Sai ga Yai tana dariya. Ta fara ne daga kafaɗa, ba sauti, sannan ta fito, har ta dafa Chaba don kada ta faɗi.

"Ka bar su haka," ta ce. "Nan da sati uku za su ruɓe, amma ba ƙwan da zai kai su kyan fata a duk Lopburi."

"Ka kai su gasar sarauniyar biki," in ji matarsa.

"Ku yi ta yi. Ni dai a zo a cire min wannan abin a kai."

Yai ce ta cire, da man kwakwa da bayan cokali, tana ɓanɓarowa yana cije baki. Da ta gama ta ɗan daki ƙeyar da tafin hannu, kamar yadda ake yi wa kankana.

"Ka ga abin da na gani a yarinyar nan?"

"Na gani, Mae. Na kuma ji." Ya dubi Chaba ta gefen ido. "Da ni ne da na ce na uku na karɓi filina. Ban san abin da suke koya muku a birni ba." Ya sosa inda ya yi ja. "Ki bar min bayan rumfa dai. Kwanduna ba sa cizo."

"Bayan rumfa naka ne, Lung. Amma ka sayi jar roba."

"Sangwan za ta saya. Ita ta ɓata."

Yai ta hau sama a hankali, ba ta yarda an riƙe ta ba. Ta sauko rungume da tukunyar. Baƙa ce wuluk, murfinta ya tsage an ɗaure shi da waya. Da Chaba ta karɓa, ta ji ta fi yadda ta zata nauyi.

"Gawayi, ba gas ba. Kada ki buɗe murfi don ki leƙa. In kin ji ƙamshi kamar ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa, ki sauke. Za ki ƙona ta farko, kowa yana ƙonawa. Ina nan zaune a gefe, hancina bai tsufa ba."

"To, Yai."

"Kuma akwai sauran ƙasa a tankin jiƙo. Curin biki bai matsa kansa ba, ga shi kawunki ya shafa wa ƙwai rabinsa. Sai kin sake tacewa."

Da rana ta karkata, Lung Chaliao da matarsa suna zaune bakin famfo suna wanke ƙwai ɗaya bayan ɗaya, suna musu a kan wanda ya fara sayen shuɗiyar roba. Ya ɗaura jiƙaƙƙen tawul a kai. Chaba tana tata, ƙasa har gwiwar hannu. Yai na kan tabarma kusa da ita, ta miƙe ƙafa, farar kwalbar nan mai murfin zinariya a cinyarta. Tana lakatar sauran tana shafa wa faso a diddigenta.

"Yai, ta fuska ce fa."

"Ta yi sanyi a kan Chaliao, na gani. Abu ashirin da uku, ai ɗaya zai san hanyar diddige." Ta rufe kwalbar ta tura ƙarƙashin matashinta. "Wannan takardar taki da za ki manna. Me za ki rubuta?"

"Ƙasa, ruwa, wuta, hayaƙi."

Tsohuwar ta yi ɗan tunani.

"Ki ƙara a ƙasa, babu gishiri."

"Ina jinku fa," in ji Lung Chaliao daga bakin famfo.